Yadda ake fahimtar mai kafiya ta hanyar jaruman labari

A kusan kowace fada ta masu shayi a Maradi, da kowane layi na babbar kasuwa, akwai mutum ɗaya da ake cewa "wane ba a taka shi". Maganarsa kaifi ɗaya, ba ya kara, ba ya ɗaukar raini ko daga wa ya fito. Da yake an rene mu da kunya da kawaici, nan da nan muke yanke masa hukunci: mai tsaurin ido ne, ba ya ganin kowa da gashi. Amma ba ka iya nazarin mutum yana tsaye a kanka yana faɗa, domin kai ma ranka ya ɓaci. Jarumin littafi ko na fim kuwa ba ya ramawa. Kana iya komawa kan abin da ya yi sau goma har ka gano abin da ya tunzura shi.

Masu rabe-raben halayya na da tsarin da ake kira Eniyagiram, wanda Oscar Ichazo ɗan Bolibiya da likitan ƙwaƙwalwa Claudio Naranjo ɗan Cile suka yaɗa a wajejen 1970. Ya kasa mutane gida 9, kuma wannan hali shi ne na 8: mutumin da babban tsoronsa shi ne wani ya juya shi ko ya ga gazawarsa. Tsarin ba gwajin asibiti ba ne, kada ka riƙe shi kamar sakamakon awon jini. Wannan batu na tsoro shi kaɗai za ka ɗauka daga ciki, shi ne mabuɗin aikin.

Da farko zaɓi jarumi guda ɗaya, wanda labarin ya nuna shi a waje da kuma cikin gida. Wanda ba a ganinsa sai a fagen faɗa ba zai koya maka komai ba. Okonkwo na littafin Chinua Achebe, Things Fall Apart na 1958, wanda masu karatun Faransanci suka sani da Le monde s'effondre, ya dace ƙwarai. Ɗan kokowa ne da ya yi suna tun yana ɗan shekara 18, kuma Bamaraɗe ba ya buƙatar a yi masa bayanin yadda kaye ɗaya ke ɗaga sunan saurayi a gari.

Sai ka ɗauki takarda ka ware wurare uku a labarin: inda aka taɓa mutuncinsa a bainar jama'a, inda yake tare da wanda ya fi shi rauni, da inda ya kaɗaita ba mai kallonsa. A kowane wuri amsa tambaya huɗu. Me ya faru daf da tashinsa? Me ya aikata? Wa yake karewa? Me abin ya ci masa? Rubuta abin da ya yi kawai, ka bar kalmomin "mugu" da "jarumi" tukuna, domin da zarar ka rubuta su ka daina dubawa.

Nan ne ya kamata ka daɗe. Ikemefuna yaro ne da ya zauna gidan Okonkwo shekara 3 har yana kiransa uba. Da gari ya yanke a kashe yaron, dattijo Ezeudu ya zo takanas ya ce masa kada ya sa hannu. Amma Okonkwo ya bi waɗanda suka tafi da yaron, kuma shi ya sare shi, don kada a ce ya karaya. Idan a nan ka tsaya, ka ga azzalumi. Ci gaba zuwa wuri na uku: kwana 2 bai iya cin abinci ba. Haka kuma daren da aka ɗauki ƴarsa Ezinma zuwa kogon tsafi, ya fita da adda yana bin sawu cikin duhu, alhali da rana ba zai taɓa nuna ya damu ba. Haɗa waɗannan da mahaifinsa Unoka, wanda ya mutu da bashi kuma ba sarauta ko ɗaya, sai hoton ya fito. Mutumin ba ƙarancin tausayi ke damunsa ba. Ya ɗauki tausayi a matsayin ƙofar da raini ke shigowa, shi ya sa ya toshe ta, har ɗansa Nwoye ya guje shi.

Mataki na gaba shi ne tankaɗe, don ba duk mai ɗaga murya ne mai kafiya ba. Tatsuniyoyinmu sun gama wannan aiki tuntuni. Kura akwai barazana, amma da ta ji ƙamshin sanda sai gudu. Gizo yana samun abin da yake so, sai dai ta bayan gida, da daɗin baki. Mai kafiya na gaske gaba da gaba yake zuwa, kuma ba ya sauya murya don wanda ke gabansa ya fi shi ƙarfi. Ma'auni mafi kyau shi ne ka duba a kan wa ƙarfinsa ke sauka. Sarauniya Mangu ta Lugu mutum ce ta tarihi da ta tari rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a 1899, daga baya Abdoulaye Mamani ya mayar da ita jarumar littafi a 1980, Med Hondo kuma ya yi fim ɗin a 1986. Sa ta gefe guda, sa Voulet ɗaya gefen. Dukansu ba sa ja da baya. Ita taurin kanta katanga ce ga mutanenta, shi kuwa nasa a kan talakawan ƙauyuka da ƴan dakonsa yake ƙarewa, kuma sojojinsa ne suka harbe shi a Yulin shekarar, kusa da Maijirgi a ƙasar Tasawa.

Yanzu sai ka koma kan mutumin da ya sa ka fara wannan aiki, ko wanka ne, ko maigidanka a shago, ko uwargidan da kowa ke shakka. Yi masa tambayoyin nan huɗu a kan rigima uku da ka gani da idonka, ban da wadda aka ba ka labari. Sau da yawa za ka tarar abu ɗaya ne ke maimaituwa: an yanke shawara ba da shi ba, ko an ɓoye masa magana, ko an gyara masa a gaban yara.

Idan haka ne, ga yadda ake tunkararsa. Same shi shi kaɗai. Bayan gaisuwa shiga maganar kai tsaye, domin kewaye-kewayen da muke ɗauka ladabi, shi makirci yake gani. Ka ce, "Yaya, kuɗin gyaɗar nan bai cika ba, kuma ni na yi kuskuren lissafi." Ya fi ƙaunar wannan a kan rantsuwa goma. Kada ka ba shi umarni, ba shi zaɓi biyu ya ɗauka da kansa. In ya ɗaga murya kada ka ɗaga taka, kada kuma ka janye maganarka, ka maimaita ta a natse. Wanda ya lanƙwashe nan take ya zube a idonsa, gobe ba zai saurare shi ba.

Abin da ya fi ɓata wannan aiki shi ne mutum ya gano tsoron sannan ya furta shi. Ranar da ka ce masa "ai tsoro kake ji", ka taɓa daidai gyambon da ya shekara yana rufewa, kuma da wuya ya sake buɗe maka ciki. Sanin naka ne, don ka gyara lafazinka. Sai kuma mai mayar da fahimta uzuri. Okonkwo ya doki matarsa Ojiugo a makon da al'adarsu ta hana faɗa, garin bai ce "halinsa ne" ba, tara aka ci shi. In wanda kake nazari ya kai ga duka ko tsoratar da iyali, maganar ta wuce takarda da tambaya huɗu, a kai ta gaban manyan gida ko liman ko mai unguwa.