Matakan da Za a Bi Idan Kububuwa Ta Sari Mutum

A yankunan Gombe, Bauchi, Taraba da Filato, macijin da ya fi jawo asarar rayuka shi ne kububuwa, wadda tsawonta bai cika wuce rabin mita ba, kuma launinta ya saje da ƙasa da busasshen ganye, har mutum ya taka ta bai gan ta ba. Ta fi sarar manoma da makiyaya a lokacin shuka da kuma kaka, sa'ad da ake ɗaga dami ko tara kara, kuma galibi a ƙafa ko a hannu take sara.

Abin da ya sa ta fi haɗari shi ne yaudarar da ke cikin dafinta. Dafin yana hana jini daskarewa, amma wanda aka sara zai iya wuni yana magana, yana cin abinci, ba abin da ke damunsa sai kumburi da raɗaɗi, har 'yan uwa su ɗauka maganin gida ya yi aiki. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai jini ya fara fita ta dasashi, ko ta hanci, ko cikin fitsari, wani lokaci kuma ya zuba a cikin ƙwaƙwalwa inda ido ba ya gani. Saboda haka jin sauƙi a ranar farko ba hujja ba ce ta zama a gida.

Da zarar abin ya faru, a janye mutumin daga wurin, a kwantar masa da hankali, sannan a cire zobe, awarwaro, agogo ko takalmi kafin kumburi ya kama su. A sami sanda ko kara mai ƙarfi a ɗora wa gaɓar kamar yadda ake yi wa karaya, a ɗaure sako-sako don kawai kada ta riƙa motsi, domin motsi yana taimaka wa dafi yaɗuwa. Kada a bar shi ya taka da ƙafarsa in har akwai yadda za a ɗauke shi. Idan babur ne kaɗai abin hawa, a sa shi a tsakiya wani ya riƙe shi ta baya, kuma idan amai ya taso a kwantar da shi ta gefen hagu.

Abubuwan da aka saba yi a ƙauye su ne suka fi ɓata lamari. Tsaga wurin da reza ko aska buɗe ƙofa ce ga jinin da ya riga ya kasa tsayawa. Ɗaure gaɓa tamau da igiya ko roba yana datse jini, naman ya mutu, har ta kai ga yanke ƙafar da ba don ɗaurin ba da ta warke. Tsotsa da baki da manna baƙin dutse ba sa fitar da dafin da ya shiga jiki, iyakarsu cin lokaci. Ina ganin girman masu maganin gargajiya a sha'anoni da yawa, amma a nan kowace sa'a da aka ɓata wajen jiƙo ta fita ne daga rabon majinyaci. Idan zafi ya tsananta a ba shi farasitamol kaɗai, ban da asfirin, ibuprofen ko diclofenac, waɗanda ke ƙara zubar jini. Kada kuma a tsaya farautar macijin, domin kan da aka sare ma yana iya sara.

A asibiti za a ɗebi jini kaɗan a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti 20. Idan bai daskare ba, dafi ya shiga jini, sai a ba da makarin dafi ta jijiya, a sake gwajin bayan awa 6 don a ga ko akwai buƙatar ƙari. Yaro da babba adadi ɗaya ake ba su, tunda maciji ba ya rage dafi don ƙanƙantar wanda ya sara. Makarin da ake kira EchiTAb-G an yi shi ne musamman don kububuwa, shi kuwa EchiTAb-Plus, wanda ake haɗawa a Kosta Rika, yana aiki har a kan dafin macizan kasa da gamsheƙa. Allurar kan tayar wa wasu da ƙaiƙayi ko sarƙewar numfashi, shi ya sa ba a yin ta sai a gaban ma'aikatan lafiya, kuma ya kamata majinyaci ya kwana a ƙalla awa 24 ana lura da shi.

Idan gamsheƙa ce ta tofa dafi a ido, a wanke nan take da ruwa mai yawa na tsawon mintuna, kada a murza, sannan a je likita ya duba.

Ba kowane asibiti ke ajiye makarin ba. Asibitin masu sarar maciji na Kaltungo a Jihar Gombe da cibiyar lafiya ta Zamko kusa da Langtang sun shahara da wannan aiki, amma wanda ke nesa da su ya kamata tun kafin damina ya tambayi asibitin da ya fi kusa ko suna da maganin, ya kuma riƙe lambar mai babur ko mai mota da zai amsa kira ko da tsakar dare ne. Ya tanadi dogon takalmin roba na shiga gona da tocila ta fita da dare, ya nisanta rumbu da akurkin kaji daga ɗakin kwana, tunda ɓeraye da 'yan tsaki ne ke jawo maciji cikin gida.