Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Kula da Dajin Heda a Ingila

Dajin heda, wato buɗaɗɗen fili da wani gajeren tsiro mai fure da ake kira heda ya lulluɓe, irin na Dorset da New Forest da Surrey a kudancin Ingila, ba kansa ya yi ba. Kiwo da sara da ƙuna na ɗaruruwan shekaru ne suka hana itatuwa rufe wannan ƙasa mai yashi da tsami. Shi ya sa kuskuren farko shi ne a kewaye wuri a ce an bar shi ya huta. Cikin 'yan shekaru dogayen itatuwa irin su fayin (pine) da bac (birch) za su tsiro su yi inuwa, heda ta mutu a ƙarƙashinsu. A tumɓuke su tun suna ƙanana, amma a bar ɗai-ɗai a gefe, domin yautai, wanda ke ƙetare Sahara ya yi hunturu a Afirka, a kansu yake sauka yana kuka.

Kuskuren da ya fi ɓarna, kuma wanda masu ƙwazo suka fi faɗawa, shi ne son ganin fili ya yi bai ɗaya. Heda tana da matakai huɗu: jaririya har wajen shekara 5, mai tasowa har 15, cikakkiya har 25, sai tsohuwa da ke buɗewa a tsakiya. Kowane mataki da masu cin moriyarsa. Shuɗin malam-buɗe-littafi mai ɗigon azurfa gajeriyar heda yake so, inda rana ke dukan ƙasa, saboda a nan baƙar tururuwa take, ita ce kuma ke ɗaukar tsutsarsa ta kai gidanta ta tsare. Ƙadangaren yashi kuwa sai doguwa mai duhu. Wanda ya sa injin ya aske hekta goma rana guda ya mayar da hedar duka sa'ar juna, ya kori rabin mazauna wurin. Gyaran shi ne a riƙa yanka ƙananan yankuna masu lanƙwasa, kaɗan kowace shekara, a bar wani sashe na tsohuwar ba a taɓa shi ba ko kaɗan.

In an yanka, a kwashe. Barin yankakken ganye ya ruɓe taki ne, taki kuwa shi ne maƙiyin heda: ciyawa ce za ta samu ƙarfi ta danne ta. Inda ciyawar ta riga ta ci wuri, ana kankare saman ƙasa har a kai ga yashi, yadda ake yi a Holan, irin heda da ke kwance a ƙasa ya tsiro.

Sai tsoron ƙasa tsirara. Mutane na ganin fako su ɗauka lalacewa ce, su rufe. Alhali duba gefen wata 'yar hanya a watan Yuli: ramuka ƙanana kamar an soka fensir, kowanne da tulin yashi a bakinsa, na zanzaro ne da ƙudan zuma masu zaman kaɗaici. Ana son fako ya kai kashi 1 zuwa 10 cikin 100 na filin, a warwatse, musamman ɗan gangare mai kallon kudu inda rana ta fi zama. Kada a motsa yashin daga ƙarshen Mayu zuwa Satumba, ƙwan ƙadangare na ciki.

Lokaci ma yana kayar da mutane. Dokar Ingila ta yarda da ƙuna a yankunan da ba na tuddai ba daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris kawai, kuma ko a ciki gara a gama da wuri, tun tsuntsaye masu ƙwai a ƙasa ba su fara sheƙa ba. Wutar da ta yi zafi da yawa tana cin saiwa da iri. Tsohuwar heda ba ta cika tofowa bayan ƙuna ba.

Kiwo magani ne, amma shanu ko ƙananan dawakai da suka yi yawa sukan cinye fure su tattake komai. A sa kaɗan, a rage su lokacin fure. A kuma lura da maganin tsutsa irin ivermectin: yana fita a kashin dabba ya kashe buzuzu, don haka a ba su maganin makonni kafin a shigo da su filin.