Kurakuran da aka fi yi wajen goge fayil da folda a Linux

Babban kuskure shi ne zaton cewa unlink, kiran da manhaja ke yi wa Linux don cire fayil, tana goge fayil ɗin ne gaba ɗaya. Suna kawai take cirewa daga folda. Abin da ke ciki yana nan daram har sai sunansa na ƙarshe ya tafi (fayil na iya samun suna fiye da ɗaya), kuma babu wata manhaja da ke riƙe da shi a buɗe. Shi ya sa za ka goge ƙaton fayil, ka duba df, umarnin da ke nuna wurin da ya rage a faifai, ka tarar faifai na nan cike maƙil. Na taɓa raba dare a kan wannan matsala, ashe manhajar da ke rubutu a cikinsa ce ba ta sake shi ba. Umarnin lsof +L1 zai nuna maka manhajar da ke riƙe da shi, sai ka sake tayar da ita. Ko kuma tun farko ka yi amfani da truncate, ka mayar da fayil ɗin fanko.

Ita kuwa rmdir, mai goge folda, ba ta taɓa folda mai kaya a ciki, kuskuren ENOTEMPTY za ta mayar maka, wato foldar ba fanko ba ce. Daga can ƙasa ake faro shara a yo sama, aikin zaɓin FTW_DEPTH ke nan a nftw, kiran da ke bin folda da duk abin da ke ƙarƙashinta. Ka haɗa da FTW_PHYS don kada ta bi mahaɗin (symlink) da ke nuni zuwa wani wuri, ta share kayan da ba naka ba.

Wannan mahaɗi shi ya fi ba ni tsoro. Tsakanin lokacin da ka duba folda da lokacin da ka shige ta, mugu na iya musanya ta da mahaɗi. Rust ma, yaren rubuta manhaja, ta faɗa wannan rami, sai a Janairun 2022 aka toshe shi a sigar 1.58.1. Maganin shi ne ka buɗe folda da openat tare da O_NOFOLLOW, zaɓin da ke hana bin mahaɗi, ka yi gogewa da unlinkat, wadda ke cikin Linux tun 2006. Akwai ribar sauri ma, don ba sai an bi dogon adireshi daga tushe kan kowane fayil ba.

In fayilolin sun kai miliyan, kada ka kira stat a kan kowanne don sanin ko fayil ne ko folda. Bayanin d_type da readdir, mai karanto sunayen da ke cikin folda, ke bayarwa ya wadatar, sai fa in ta ce DT_UNKNOWN, wato ba ta san nau'in ba.

Don Allah a daina miƙa rm -rf, umarnin share folda da duk kayanta, ga kiran system() da sunan da aka harhaɗa. A 2015 manhajar wasanni ta Steam ta share wa mutane fayilolinsu a Linux saboda STEAMROOT, sunan da ke riƙe da adireshin foldarta, ya fito fanko, gogewa ta kama daga tushen faifai. Ka tabbatar sunan ba fanko ba ne, kuma ka duba errno, lambar kuskure, bayan kowane kiran da ya gaza.