Babi na 6: Idan Ƙungiya Za Ta Bar Akwati Ta Koma Banki

Darasi na 1: Ina aikin yake?

A babin da ya wuce mun koyi cika takardar buɗe asusu: inda ake rubuta suna, inda ake sa BVN mai lamba 11, da inda ake dangwala yatsa idan hannu bai saba da biro ba tukuna. Yawancinku kun iya, madalla. Wannan babin ba na takarda ba ne. Na mutanen da za a ce wa daga yau an canza tsari ne.

Ga misalin da za mu riƙe har ƙarshe. Ƙungiyar mata ce mai zubi duk mako. Suna da akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, irin tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991. Mace ɗaya ce ke ajiye akwatin a ɗakinta. Wasu uku daban ke riƙe makullai. Biyu ke ƙirga kuɗi a kan tabarma, kowa na gani. Yanzu kuɗi ya taru, ana tsoron ɓarayi da gobara, sai shugabanni suka ce a kai banki. Shawara ce mai kyau. Amma na sha ganin ƙungiya ta watse a kan shawara mai kyau.

Darasi na 2: Wa zai rasa wani abu?

Ki buɗe littafinki a shafin da ba a rubuta komai ba. Ki ja layi ɗaya a tsakiya, daga sama zuwa ƙasa. A tsaye, ba a kwance ba. A ɓangaren hagu ki rubuta SUNA. A ɓangaren dama ki rubuta ABIN DA ZA TA RASA. Hagu shi ne wajen hannun da ba ki cin abinci da shi. Kowane suna a layinsa, kada ki cusa biyu wuri guda.

Fara da mai ajiye akwati. Shekara da shekaru a tsakar gidanta ake taruwa, ita ake gaisarwa da farko. Idan kuɗi ya tafi banki, wannan girman fa? Ki rubuta: girma. Masu makulli, da ba a buɗe akwati sai sun iso, yanzu ba mai jiransu. Ki rubuta. Tsohuwar da ba ta da waya ba za ta ƙara ganin kuɗinta da ido ba. Wadda wayarta ke hannun maigida za ta rasa sirrinta. Duk ki rubuta. Idan rubutun ya karkace ba laifi, ke za ki karanta.

Darasi na 3: Je ki same ta a gida kafin taro

Nan ne kuke faɗuwa, don haka za mu daɗe a nan.

Duk wadda sunanta ke cikin littafin nan, ki taka ƙafa zuwa gidanta kafin ranar taro. Kafin, ba bayan ba. Ba aike ba, ba waya ba, ba tare ta a bakin rijiya ba. Ki yi sallama, ki zauna, ki gaishe ta yadda ya kamata, ki tambayi yara da jiki. Sannan ki ce:

"Inna, wata magana ce ta taso a kan kuɗinmu. Ba a yanke komai ba. Na ce bari in ji daga bakinki tukuna."

Daga nan ki yi shiru.

Ki yi shiru na ce. Wannan shirun shi ne darasin. A aji idan na haɗa ku biyu-biyu kuna gwadawa, da zarar mai wasan Inna ta ce "Ni dai bankin nan...", sai ɗayar ta katse ta da jawabi: ai banki ya fi, ai zamani ne, ai kowa ya koma can. To kin gama ɓata zuwanki. Inna za ta ce "To, Allah ya sa alheri", ki tashi kina murna kin ɗauka ta yarda. Ba ta yarda ba. Ta rufe bakinta ne a gabanki, za ta buɗe shi a gidan suna.

Mu sake. Kin zauna. Kin gaisa. Kin faɗi maganar a taƙaice. Kin yi shiru. Ta ce: "Idan na mutu, wa zai ba 'ya'yana kuɗina?" Kada ki ce "Haba Inna". Ki ce: "Gaskiyarki. Sai kuma me?" Ta ce: "An ce akwai kuɗin ruwa a ciki." Ki ce: "Na ji. Sai kuma me?" Ki yi ta tambayar "sai kuma me" har ta ce shi ke nan. Sau da yawa abin da ta faɗa a ƙarshe shi ne ainihin damuwar, na farkon share fage ne.

Abin da kika san amsarsa, ki amsa bayan ta gama. Maganar kuɗin ruwa, alal misali, tana da amsa: akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012. Abin da ba ki sani ba, ki ce "Zan tambayo, in dawo miki ranar Laraba", kuma ranar Laraba ki dawo. Kada ki ƙirƙiro amsa don ki burge.

Wata za ta ce wannan ɓata lokaci ne, mu 25 ne kawai, a faɗa a taro a wuce. Ku tuna rigakafin shan inna. A 2003 aka dakatar da shi a Kano saboda jama'a ba su amince ba, sai 2004 aka ci gaba. Allurar tana nan, motoci suna nan, ma'aikata suna nan, amma ƙofofi a rufe. Sai da aka bi ta hannun sarakuna, hakimai, masu unguwanni da malamai, gida-gida, kafin a kai ga 2020 da aka bayyana cewa an rabu da cutar ta asali a Afirka. Gwamnati da duk ƙarfinta ba ta tsallake wannan matakin ba, ke ce za ki tsallake?

Kuma don Allah ku daina zuwa ku uku ku huɗu kamar masu biko. Mutum ɗaya, ko biyu in ya zama dole. Ku daina zuwa da takardar banki a hannu an riga an cika ta. Wa kuke yaudara? Idan an gama yanke magana, kada ki ce mata ba a yanke ba. Ki gaya mata gaskiya, ki tambaye ta yadda za a yi abin ya zo mata da sauƙi. Ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa.

Sau nawa zan faɗa? Gida, kafin taro, a yi shiru a saurara. A rufe littafi yanzu, kowa ta faɗa wa ta kusa da ita da ka. Wadda ta manta ta buɗe ta duba, ba abin kunya ba ne. Ta sake rufewa ta faɗa.

Idan kin dawo gida, ki buɗe shafin nan mai layi, ki sa alamar maki a gaban sunan wadda kika zauna da ita. Sunan da ba shi da maki, ba a kira taro ba tukuna.

Darasi na 4: Kowa a ba ta sabon aiki

Masu makulli uku su zama masu sa hannu a banki, a rubuta cewa kuɗi ba ya fita sai biyu cikinsu sun sa hannu. Mai akwati ta riƙe littafi da rasit, a ci gaba da taruwa a gidanta. Masu ƙirga kuɗi su ne za su karanta saƙon banki da ƙarfi a gaban kowa, a gwada shi da abin da ke littafi.

Darasi na 5: Kada a yar da akwati rana ɗaya

Ba ku manta farkon 2023 ba, bayan an canza takardun naira 200 da 500 da 1000. An sa wa'adin 31 ga Janairu, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, tsohon kuɗi ya tafi, sabo bai wadata ba, mutane suka kwana a layi, har sai da Kotun Ƙoli ta ce a watan Maris a ci gaba da karɓar tsohon. Matan ƙungiyarku ma ba su manta ba. Don haka a kai wani kaso banki, a bar na gaggawa a akwati, na haihuwa da rashin lafiya. Bayan wata biyu ko uku a zauna a duba.

Darasi na 6: Koyarwa

Wadda ta iya waya ta zauna da wadda ba ta iya ba. Ta bar ta ta danna da hannunta. Lambar sirri ba a faɗa wa kowa, ko mai POS, ko wanda ya kira ya ce daga banki yake.

Darasi na 7: Bibiya

Wadda ta daina zuwa taro, a je a same ta. Duba darasi na 3.

Aikin gida: Ki rubuta sunaye biyar da abin da kowacce za ta rasa. Ki ziyarci ɗaya kafin aji na gaba, ki zo mana da abin da ta faɗa, ba abin da kika faɗa ba.