Yadda Ake Daidaita Giyar MGB Don Ƙara Mata Gudu

Duk wanda ya mallaki tsohuwar motar tsere irin MGB, wadda aka ƙera a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980, wata rana zai so ya ga iyakar gudunta ya ƙaru. Shawarar da aka fi ba shi ita ce ya sa giya mai tsawo, wato wadda ke sa taya ta ƙara juyi a kan kowane juyin inji, kuma sau da yawa wannan shawara ce ke rage wa motar gudu. Aikin gaskiya shi ne a sa injin ya kai juyin da yake ba da cikakken ƙarfinsa daidai lokacin da iska ta hana motar ƙara gaba.

A fara da lissafi kafin a taɓa sifana. A yi wa tayar baya alama da alli, a tura motar har tayar ta yi juyi ɗaya, sannan a auna tazarar a ƙasa. Taya mai lamba 165 a kan rim mai inci 14 takan ba da kusan mita 1.95. Injin MGB mai lita 1.8 yana ba da ƙarfin doki 95 a juyi 5,400 cikin minti ɗaya, giya ta huɗu tana miƙa juyin yadda yake ba ragi, aksul na baya kuma yana raba shi da 3.909. Idan aka raba 5,400 da 3.909, aka ninka da 1.95, aka sake ninkawa da 0.06 don a mai da mita a minti zuwa kilomita a awa, za a samu kusan kilomita 162 a awa, wanda bai yi nisa da ainihin gudun motar ba. Wannan ya nuna cewa masu ƙera ta sun riga sun daidaita giyar da ƙarfin injin.

A nan mutane suke ruɗuwa. Aksul mai 3.07, irin na MGB mai injin V8, a takarda yana ba da kilomita 206. Amma ƙarfin da ake buƙata don keta iska yana hauhawa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa, ta yadda ninka gudu sau biyu ke neman ƙarfi kusan sau takwas. Kaiwa 206 na neman kusan ninki biyu na ƙarfin da injin yake da shi. Abin da zai faru shi ne, a kilomita 160 injin zai tsaya wajen juyi 4,200, ƙasa da inda ƙarfinsa yake, sai motar ta yi nauyi ta kasa kai ko gudunta na da. Saboda haka a gwada motar tukuna a filin tsere da aka rufe, da na'urar GPS, domin allurar tsohuwar mota ba abin dogaro ba ce. Idan injin ya wuce 5,400 yana neman jan layin agogon juyi alhali da sauran ƙarfi, to giyar ta yi gajarta. Idan bai kai ba, matsalar ta inji ce, kuma can ya kamata kuɗin ya tafi.

Ga injin da aka ƙara wa ƙarfi, ni na fi amincewa da mataki ƙarami, wato aksul mai 3.7, wanda ke kai lissafin kusan kilomita 171. Sai an tabbatar da irin aksul ɗin kafin a sayi kaya, domin na motocin farko ya bambanta da na kamfanin Salisbury da ya biyo baya, haƙoransu ba sa shiga na juna. Babban faifai mai haƙora da ƙaramin da ke juya shi tare ake canza su, a sa sababbin boris, a shafa shuɗin fenti na gwaji a haƙoran don a ga inda suke haɗuwa, a kuma auna ɗan wasan da ke tsakaninsu da agogon awo. Makaniken da ya yi wannan da ido kawai zai bar aksul yana kuka har haƙoran su cinye.

Giya ta biyar wata magana ce daban. Ƙarin giyar Laycock da ake kunnawa da maɓalli, da akwatin giya mai biyar na Ford Sierra da ake kira Type 9, duk suna rage juyi zuwa kusan kashi 82 cikin ɗari. A kilomita 110 injin zai sauka daga wajen 3,700 zuwa 3,000, ƙara ta ragu, mai ya yi auki. Amfaninsu ke nan. A injin da ba a taɓa ba, iyakar gudu tana nan a giya ta huɗu.

Bayan an haɗa, a zuba man giya mai lamba 90 a aksul, akwatin giyar MGB na asali kuwa man inji 20W-50 yake sha. A kai farfela, wato sandar da ke kai juyi daga akwatin giya zuwa aksul, a daidaita nauyinta, tunda a giya ta biyar tana juyawa fiye da injin, a gyara allurar gudu, a kuma duba harafin da ke jikin taya: S na jure kilomita 180, H kuma 210. Kada a koma filin gwaji sai an sabunta birki da mansa.