Yadda ake haɗa wa ƴan tumaki yis a cikin abinci

Da farko, sayi yis na dabbobi mai rai, wanda aka rubuta Saccharomyces cerevisiae a jikin buhunsa. Duba kwanan watan lalacewarsa.

Jira ƴan tumakin su fara tsakurar busasshen abinci, yawanci wajen sati 2 da haihuwa. A tumbi yis ke aiki: yana shanye iskar oksijin da ke takura wa ƙananan ƙwayoyin halittar da ke narkar da ciyawa, yana kuma rage tsamin tumbi idan hatsi ya yi yawa.

Auna da sikeli adadin da takardar jikin buhun ta ce. Giram kaɗan ne kowane kai a rana, kada ka yi awon ido.

Nan ne ake yawan kuskure. Kada ka zuba garin kai tsaye cikin kwami, domin mai ƙarfi zai lashe rabon sauran. Cakuɗa shi da dusa cikin tafin hannu biyu tukuna, sannan ka juye cikin sauran abincin, ka gauraya har ƙasa. Ban da ruwan zafi, yana kashe shi.

Ba su kullum, ga ciyawa da ruwa mai tsabta a gefe. Ɗaure bakin buhun, ka ajiye a inuwa inda babu laima. Riƙa auna nauyinsu duk sati 2 kana rubutawa.