Yadda ake hana sauke fayiloli kai tsaye ba da izini ba

Muddin fayil yana cikin public_html, wato foldar da sabar shafinka na intanet ke buɗe wa kowa, duk wanda ya samu adireshinsa zai sauke shi, ko ya biya ko bai biya ba. Kalmar sirri shafi kawai take tsarewa, sabar ba ta tambayar kowa kafin ta miƙa PDF ko ZIP. Ɓoye mahaɗi, ko sa wa fayil dogon suna, ko rubuta shi a robots.txt (fayil ɗin da ke gaya wa injunan bincike inda ba za su shiga ba), duk ba kariya ba ce.

Da farko ka kwashe fayilolin zuwa wata folda da ke wajen public_html, inda burauza ba ta isa. Idan kamfanin da ke ajiye maka shafi bai ba da wannan dama ba, ka saka .htaccess, wato fayil ɗin saiti, a foldar da fayilolin suke, ka rubuta layin Require all denied a ciki, in manhajar sabarka Apache 2.4 ce. A 2.2 kuwa Deny from all ake rubutawa. Nginx, wata manhajar sabar daban, ba ta karanta .htaccess ko kaɗan, nan ne da yawa ke ruɗuwa; a can kalmar internal ake sa wa foldar a cikin saitin sabar.

Sai ka rubuta ƙaramin fayil na PHP, harshen shirye-shirye da ke aiki a kan sabar, ya zama mai gadin ƙofa. Zai duba ko mutum ya shiga asusunsa, ya kuma duba ko shi ke da haƙƙin wannan fayil ɗin, sannan ya aika Content-Type da Content-Disposition, bayanan da ke gaya wa burauza irin fayil ɗin da kuma cewa sauke shi za a yi, ya miƙa fayil da umarnin readfile.

A nan a kula sosai: kada ka karɓi sunan fayil daga adireshi. Mai mugun nufi zai rubuta ../ sau da yawa ya haura zuwa fayilolin da ke ɗauke da sirrin sabar. Lamba za ka karɓa, ka nemo ainihin sunan a rumbun bayanai.

Manyan fayiloli suna riƙe PHP har a gama saukewa, shafi ya yi nauyi. Maganinsa X-Accel-Redirect a Nginx ko X-Sendfile a Apache: PHP ta yi bincike, sabar ta ɗauki jigilar. Masu ajiya a Amazon S3, ma'ajiyar fayiloli ta kamfanin Amazon a intanet, su rufe ma'ajiyar, su riƙa ba da mahaɗi mai sa hannu da zai mutu bayan 'yan mintuna.

Daga ƙarshe ka fita daga asusunka, ka liƙa tsohon adireshin fayil a burauza. Ya kamata ka ga 403 (an hana shiga) ko 404 (ba a samu fayil ba). In fayil ya sauko, da sauran kwafinsa a tsohuwar folda, ko saitin bai kama ba.